Rubutun Bahago

Takarda ta goma sha bakwai ce ta tsayar mata da numfashi.

Tun ƙarfe takwas na safiyar Litinin Auta take zaune a ɗan ofishinta na kamfanin sabulu, takardu arba'in da biyu jibge a gabanta, kofin shayi yana hucewa a gefe. Kamfanin yana neman jami'in walwalar ma'aikata, wanda zai riƙa sauraron koke-koken mutum ɗari huɗu da ke wuni a bakin injuna, kuma ranar Asabar masu neman aikin suka zauna gwaji a babban zaure. Ita ba ta nan ranar, ta raka Baba asibitin ido. Ba ta ga fuskar kowa ba, suna ma ba ta gani ba, domin ƙa'idar ofishin ita ce a yage sunan mutum daga saman takardarsa a bar lamba kawai. Sunayen suna cikin durowar Madam, shugabar sashen ma'aikata, makullin kuma yana rataye a wuyanta tare da gilashinta.

Aikin Auta awo ne. Tana da wani kwali mai huji-huji da take ɗorawa a kan amsoshi, ta ƙirga waɗanda suka leƙo ta hujin, ta rubuta maki da jan biro. Sau goma sha shida ta yi haka, hankalinta rabi a kan aiki rabi a kan idon Baba. Da ta jawo ta gaba sai hannunta ya tsaya cak.

Haruffan sun kwanta baya, kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kanta. Tawadar ta shafe a kowane layi, daga hagu zuwa dama, inda gefen hannun marubucin ya bi ya murje abin da ya rubuta tun bai bushe ba. A duk duniyar da ta sani mutum ɗaya ne yake rubutu da hagu kuma ya ƙi rabuwa da alƙalami mai tawada. Shekara huɗu ta yi tana aron littafinsa na lakca, tana masa tsiya cewa rubutun nasa sai an kira mai fassara.

Bahago ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ƙa'ida ta biyu ta ofishin ta fi ta farko tsanani: duk mai awon da ya gane takardar wani, nan take zai rufe ta ya miƙa wa Madam, ko layi ɗaya ba zai ƙara karantawa ba. Auta ta san wannan kamar yunwar cikinta. Ta rufe takardar. Ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta ji kamar takardar tana da ɗumi.

Ba ilimin halayyar ɗan Adam aka tura ta jami'a ta karanto ba. Likita Baba yake so, ya riga ya gaya wa duk layin kasuwarsu cewa autarsa za ta sa farar riga. Da maki bai kai ba aka ba ta wannan, sai da ta yi kwana uku tana kuka, har Yaya, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma bakinta ba ya shiru, ta ce to ga marar lafiyar farko nan ta samu, sai ta fara da kanta. Baba kuwa ya tambaya ko a ƙarshen karatun ana samun abin yi. Ta ce ana samu. Ya ce kamar me? Ta tashi ta shige ɗaki. Daga ranar ya ƙirƙiro wasan da har yau bai gaji da shi ba: duk sanda ta shigo gida sai ya murtuke fuska ya ce, "To, malamar zuciya, me nake tunani yanzu?" Ta yi ta bayani cewa ba duba ake koya musu ba, har ta haƙura ta koma ba shi amsa ɗaya kullum, cewa tunanin shayi yake yi. Sau da yawa kuma ta canka.

Karatun da ta shiga da kuka shi ya zo ya cinye ta. Ta ɗauka za a zauna ne ana hirar mafarki da soyayya, sai ta tarar da lissafi jingim, da zanen ƙwaƙwalwa, da gwaje-gwajen da ake yi wa jarirai da tsofaffi. A darasin lissafin ne ta san Bahago, domin shi kaɗai ne ba ya tsoronsa. Siriri ne, dogo, ya fito daga wani gari mai nisan awa bakwai a mota, gefen hannunsa na hagu kullum shuɗi. Shi ya fara kiranta Auta a ajin, saboda ta fi kowa ƙuruciya, bai ma san sunan da ake kiranta da shi ke nan a gida ba. Ya koya mata lissafi, ita ta koya masa yadda ake gama rubutu kafin lokaci ya cika. Suna zama a kan matakalar bayan sashensu, shi a ta uku ita a ta biyar, suna musu a kan ko hali gado ne ko tarbiyya, musun da ba su taɓa gamawa ba saboda babu mai son ya ƙare.

A shekarar ƙarshe aka haɗa su da Malam Tsit. Ba sunansa ba ne, ɗalibai ne suka laƙaba masa, domin darasin sauraro yake koyarwa kuma yakan shigo aji ya yi minti biyar bai ce uffan ba, yana kallon su suna mutsu-mutsu a kujera. Koyarwarsa ɗaya ce tak. In mutum ya fara maganar da ta yi masa nauyi ya tsaya a tsakiya, kada ka taimake shi, kada ka ƙarasa masa, kada ka yi tambaya. Ka ɗan karkatar da kai, ka buɗe hannuwanka a kan gwiwa, ka ƙirga goma a zuci. Yakan ce maganar gaskiya kamar kifi take, sai ruwa ya kwanta take tasowa. Duk wanda ya yi gaggawar cike shiru a gabansa, maki biyu sun tafi. Auta da Bahago ne suka fi kowa iyawa. Malamin har fito da su yake gaban aji a matsayin misali.

Ranar da suka gama jarrabawar ƙarshe, da yamma, suna kan matakalar nan, jakarsa a ɗaure a gefensa, ya dubi ƙasa ya ce, "Auta, ni dai..." Ya tsaya.

Zuciyarta ta buga har ta ji a kunne. Amma jiki ya riga ya saba. Ta karkatar da kai, ta buɗe hannuwa, ta fara ƙirgawa. Ta ga ya ɗago ya dube ta, ya yi shiru shi ma. Ta kai goma, ta sake sabon lale. Inuwar ginin ta sauko daga matakala ta biyar zuwa ta uku. Can sai ga abokan ajinsu sun kwararo da ihu da kyamara, aka ja su hoto, aka yi ta rungume-rungume da rubutu a riga, kafin ta waiwaya ya saɓa jakarsa yana cewa kada motar garinsu ta tashi ta bar shi. A hoton, wanda har yanzu yana cikin wayarta, kowa yana dariya ban da mutum biyu.

Daga nan aji ya watse, kowa ya kama inda rabonsa ya kai shi. Wata ta zama mai ba ɗalibai shawara a makarantar sakandare, wani ya shiga aikin gidan gyaran hali, biyu suna wani kamfanin talla suna binciken dalilin da ya sa mutane ke son jan kwali fiye da shuɗi. Mutum uku ne kawai suka samu komawa digiri na biyu don su iya ganin marasa lafiya a asibiti, abin da Bahago ya fi kowa so. Duk wanda ya samu aiki sai ya sa hoto a zauren ajinsu na waya, a yi ta taya murna. Bahago yana taya kowa murna, shekara guda cur. Ranar da Auta ta sa nata hoton shi ya fara yi mata addu'a, doguwa, mai kyau. Bayan wata biyu aka ga ya fita daga zauren. Ta bar shi mako guda don kada ta matsa masa, haka aka koya mata. Da ta kira, wata mata ce ta ɗauka, mai sayar da yadi, ta ce ita sabon layi ta saya kuma ba ta san wani mai rubutu da hagu ba, amma in ana son yadi akwai.

Shekara uku ke nan da gama karatunsu. Ta sauya kamfani sau ɗaya, ta saba da ƙamshin sabulun da ke bin mayafinta har gida, ta karanta littattafai fiye da kima, ta ƙi mutum biyu da babu wani aibu a tare da su. Ga shi yau yana ƙarƙashin tafin hannunta, lamba goma sha bakwai.

Ta dubi bangon da ke hagunta. Bayansa ofishin jami'in walwala ne, wanda babu kowa a ciki tun watan jiya. Tagarsa da tata bishiya ɗaya suke kallo. Ta ga kanta tana jin ƙarar kujerarsa ta bango, tana jin tarinsa, tana aika masa fayil ya dawo da shafin tawada a gefe.

Ta buɗe takardar.

Kashi na farko jimloli sittin ne, mutum ya zaɓi i ko a'a. Goma daga ciki tarko ne, irin su ban taɓa yin ƙarya ba, ban taɓa jin haushin kowa ba, an sa su don a kama mai yi wa kansa kwalliya. Bahago ya tsallake su duka, ba mamaki, tare suka haddace su a aji uku. Sauran kuma na auna nauyin da mutum yake ɗauke da shi ne. Nakan ji kamar kowa ya wuce ya bar ni. I. Nakan daɗe ina tunanin abin da ya riga ya wuce. I. Nakan guji tsofaffin abokaina. I. Ta ɗora kwalin. Wanda ya haura ashirin ba a kiransa intabiyu, domin aikin na ɗaukar damuwar wasu ne. Ta ƙirga sau uku. Ashirin da uku.

Kashi na biyu guntayen jimloli ne da mutum zai ƙarasa da kansa. Ta karanta su kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Mahaifiyata, ya ƙarasa da cewa ta fara iya riƙe cokali da kanta. Aikin da nake so, ya rubuta wanda zan zauna da mutum har ya gama maganarsa. Ta ƙarshe tana ƙasan shafin, inda tawadar ta fi shafewa.

Abin da na fi nadama shi ne na ƙirga goma a kan matakala.

Sai a lokacin ta gane. Ranar nan ba fasawa ya yi ba. Ya ga ta yi shiru ta karkatar da kai, ya ɗauka ita ce take da maganar da ta yi mata nauyi, sai ya ba ta fili. Ita tana jiransa, shi yana jiranta, gwanaye biyu na ajin Malam Tsit, kowa yana yi wa ɗan'uwansa ladabi har rana ta faɗi. Ta kifa kanta a kan tebur ta yi dariyar da ta ƙare da hawaye.

Uku ne kawai. In ta ɗan gusa kwalin kaɗan, amsa uku za su ɓuya a bayan kwali, kuma babu mai sake ƙirga abin da ta ƙirga, shekara biyu ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ta sa takardar a ƙasan tarin, ta gama sauran, ta kulle su a durowa ba tare da ta rubuta komai a kan ta sha bakwai ba.

Da aka tashi ba ta wuce gida ba, ta bi ta shagon Baba. Gyaran sikeli ne sana'arsa, tun daga na masu gwal har na masu buhu. Likita ya ce ya kwanta mako guda, amma ga shi zaune a kan bencinsa da bandeji a ido ɗaya, wai ba aiki yake yi ba, taɓawa kawai yake yi. Yaya ta riga ta zo ta yi faɗanta ta tafi. Da ya ga Auta ya murtuke fuska zai yi tambayarsa, sai ya ƙura mata lafiyayyen idon ya fasa. Ya ce yau ita ce zuciyarta take waje kamar shanya.

Ba ta gaya masa komai ba. Ta zauna tana wasa da duwatsun awonsa na tagulla, tana jera su daga babba zuwa ƙarami kamar yadda take yi tun tana yarinya. Can ta tambaye shi, tunda hannunsa yana gane nauyi ko ba dutse, me ya sa duk shekara yake ɗaukar sikelin shagonsa ya kai wa mai gyaran da ke ƙarshen layi, mutumin da ko gaisuwar kirki ba sa yi.

Ya ce ai saboda ba sa gaisuwar ne. Nasa sikelin shekara talatin suna tare, in ya karkace ma idonsa daidai zai gan shi, don so hana ganin laifi ne. "Hannu yana da dangi, Auta. Dutse ba shi da kowa." Sannan ya ce ta miƙo masa ƙaramin sukudireba, kuma in ta gaya wa yayarta yana aiki ba shi ba ita.

Washegari ta riga kowa zuwa. Madam tana shigowa ta bi ta da takardar, ta ajiye a gabanta, ta ce ta san mai ita. Madam mace ce da ta yi shekara talatin tana ɗaukar mutane aiki tana sallamarsu, magana a wurinta kamar da kuɗi take saye. Ta sa gilashinta, ta dubi rubutun, ta dubi Auta.

"A layi na nawa kika gane?"

"Na farko."

"A na nawa kika tsaya?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Na ƙarshe."

Madam ta karɓi kwalin ta ɗora da kanta, ta ƙirga da bakin biro, ta rubuta ashirin da uku ta zagaye. A nan Auta ta kasa riƙe bakinta. Ta ce shi ma ilimin nan ya karanta, ya san cewa mai musun kowane aibu ake zargi, wataƙila garin gudun tarko ne ya amsa komai da i. Ta ce shi ne ya fi kowa a ajinsu, in aka gan shi ido da ido za a gane. Madam ta bari ta gama tas, sannan ta tambaye ta wace ce take maganar nan, jami'ar awo ko kuwa wadda ta karanta har layin ƙarshe. Ta ce mai yiwuwa wayo ne ya yi masa yawa, mai yiwuwa kuma gaskiya ya faɗa, in kuwa gaskiya ce to zalunci ne a ɗora wa mai kaya a ka buhun mutum ɗari huɗu. Ba za a kira shi ba. Ita kuma Auta za a sa mata takardar gargaɗi a fayil, kuma ta fita daga kwamitin intabiyu.

Ta koma ofis ta zauna tana kallon bangon hagu. Da hannunta ta rufe masa ƙofar aikin nan. Ta gaya wa kanta ta yi daidai, amma daidai ɗin bai rage mata komai ba.

Ranar Alhamis Madam ta shigo da wasiƙun ban haƙuri guda talatin da huɗu ta ajiye mata, kamar yadda aka saba, don ta sa hannu a ɗauki hotonsu a tura ta imel. Auta ta ce ai an cire ta. Madam ta ce daga awo ta cire ta, sa hannu kuwa aikinta ne, ko so take a ɗauko wani a biya shi? Ta fice.

Ta Bahago ce ta goma sha ɗaya. Cikakken sunansa, wanda ta daɗe ba ta gani a rubuce ba, da adireshinsa na imel a ƙasa. Idonta ya haddace shi ba da izininta ba, amma ta yi wa kanta alkawari ba za ta taɓa shi ba, ƙetare iyaka ɗaya ya isa. Wasiƙar iri ɗaya ce da ta kowa: an gode, ba a samu dama ba a wannan karon, wanda yake son bayanin sakamakonsa yana iya zuwa ranar Laraba ya ga shugabar sashe na minti goma sha biyar. Yawanci mutum biyu ko uku ne suke zuwa. Ta daɗe riƙe da biro. Bayan shekara uku, abu na farko da zai same shi daga hannunta shi ne an ƙi shi. Ta sa hannu, ta rubuta sunanta a ƙasa da manyan haruffa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ko mai ciwon ido zai karanta.

Kwana shidan nan sun yi mata tsawon damina. Awa bakwai a mota don minti goma sha biyar, wane mai hankali ne zai yi? In ma ya ga sunan, wa ya ce ba haushi zai ji ba? Ta ƙona hannu da butar shayi, ta sa wa Baba maganin ido a wanda ba shi ne aka yi wa aiki ba, Yaya ta ce a kai ta a auna ta da kwalin nata.

Laraba da hantsi mutum biyu suka zo suka tafi. Sha biyu da rabi ta wuce, ta fara tattara zuciyarta, sai ta ji sallama a ƙofar Madam. Muryar ta ɗan yi kauri, amma ta Bahago ce. Ta bango ba ta jin kalmomi, sai tashi da saukar magana, da dogayen shiru a tsakani. Minti goma sha biyar suka zama ashirin da biyar. Ta ji an buɗe ƙofa, ta ji takunsa ya zo daidai tata ƙofar ya rage sauri, sannan ya wuce. Ta riƙe gefen tebur da hannu biyu. Muddin fayil ɗin yana buɗe, shi mai neman aiki ne, ita jami'a.

Madam ta leƙo da fayil a hannu, ta buga masa hatimin rufewa a kan teburin Auta, ta dubi agogo. Ta ce lokacin hutu ya shiga da minti biyu, kuma ita ba ta son ma'aikacin da yake cin abinci a kan takardu.

Da ta fita ta hango shi zaune a bencin da ake jiran bas, a tsallaken titi, ƙarƙashin rumfar kwano. Ya rame, rigarsa a goge take amma wuyanta ya fara cinyewa. Da ya gan ta ya miƙe tsaye.

"Auta. Ashe ke ce kika kore ni."

"Ni sa hannu kawai na yi. Rubutunka ne ya kore ka, an rasa mai fassara."

Suka zauna, shi a wannan ƙarshen benci ita a wancan. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ya tambayi Baba, ta tambayi mahaifiyarsa. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ta samu wata uku bayan gama karatunsu, shi ya sa digiri na biyu ya sha ruwa. Yana koyarwa a wata ƙaramar makaranta, ranar Asabar kuma yana zuwa wata cibiya ya zauna da matasan da suke fama da barin ƙwaya, ba biya. Wayarsa an sace ta ne, bai nemi tsohon layin ba don ya gaji da taya murna. Da ya ga sunanta a ƙasan wasiƙar, dariya ya yi ta yi har mahaifiyarsa ta tambaya ko an ɗauke shi ne. Madam kuwa, in ji shi, ta ba shi sunan wanda zai je ya yi magana da shi a kan damuwarsa, ta kuma ce masa shi aikin asibiti ne ya dace da shi ba na kamfani ba, ya koma makaranta ko da rarrafe.

Ta tambaye shi ko wayo ne ya yi masa yawa a gwajin. Ya girgiza kai. Ya ce gwaji goma sha uku ya zauna a shekara uku, duk ya ba su amsar da suke so, ba wanda ya kira shi. Wannan karon ya gaji, ya ce bari ya faɗa wa takarda gaskiya ko sau ɗaya, tunda ita ba ta san shi ba.

Sai magana ta ƙare. Motoci suna wucewa, iska tana kawo ƙamshin sabulu daga bututun kamfani. Ta dube shi ta gefen ido. Ya ɗan karkatar da kai. Hannuwansa a buɗe a kan gwiwa, na hagun shuɗi a gefe. Ta duba nata hannuwan, su ma a buɗe suke, kuma a zuciyarta ta riga ta kai huɗu.

Ta dunƙule su.

"Na karanta takardarka har ƙarshe, bai kamata ba, an hukunta ni a kai. Ranar nan ni ma ƙirgawa nake yi." Ba ta tsaya ba. "Shekara uku ina ɗauke da rabin jimla. Ni dai me?"

Ya rufe ido. Da ya buɗe sun kaɗa sun yi ja.

"Ni dai ban san yadda zan yi da ranakun da ba kya ciki ba. Har yau ban koya ba."

Bas ɗin ta ɓullo daga kwana. Ta ga ya dube ta ya dubi motar, ta san lissafin da yake yi: in ya rasa wannan ya rasa ta garinsu, mahaifiyarsa kuma a hannun maƙwabciya ya baro ta. Ita ta ce masa ya tashi. Ya zaro wasiƙar daga aljihu, ashe buga ta ya yi a takarda, ta sha ninki har ta fara rabuwa. Ya yage kusurwar sama, ya bar wa kansa inda sunanta yake, ya ɗora guntun a gwiwa ya rubuta lambar wayarsa da alƙalaminsa, hannun yana bi yana shafe ta, ya miƙa mata. Ya ce ta karanta masa ya ji ko tana bukatar mai fassara. Ta karanta daidai, har sifili biyun da suka haɗe.

Motar ta tashi da shi. Bai samu wurin taga ba, don haka ba ta ga ko ya waiwayo ba. Ta tsaya har ƙurar motar ta kwanta.

Da ta koma ta tarar ana share ofishin da ke hagunta, an buɗe tagarsa, wanda aka ɗauka zai fara aiki farkon wata. Ta tsaya a bakin ƙofar ta dubi kujerar, ta dubi bishiyar, abin ya soke ta kamar ba ta sani ba. Awa bakwai ba su ragu da ko minti ɗaya ba. Ta shiga nata ofishin ta zauna, ta shimfiɗa guntun takardar a gabanta. Sai ta ga babban yatsanta ya ɗauki tawada, shuɗi, daidai inda ta karɓa.

A bakin kowace ƙofa ta kamfanin nan akwai famfo da sabulu kyauta. Ta wuce guda huɗu a hanyarta ta fita da yamma, hannunta a cikin mayafi.